Tambaya da Amsa: Kifina ya rikiɗe ya koma baƙi, ya addabi kowa a tanki

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a filin namu na masu kiwo a cikin gida. Wannan makon kusan rabin saƙonnin da suka shigo a kan kifin ado ne, irin wanda ake sawa a tankin gilashi a falo, kuma abin dariya mutum uku da ba su san juna ba kukansu ɗaya, sun sayo ɗan kifi kyakkyawa ya zame musu ɗan daba. Masu tambayar kaji da zomaye a yi mana afuwa, sai mako na gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Wata biyar kenan na sayi wasu kifaye guda uku a wani shago nan Kano, ruwan ɗorawa ne da layi baƙi tun daga kai har wutsiya, mai shagon ya ce sunansu sikilid kuma wai suna zama da kowane irin kifi, sai na haɗa su da golfish ɗina guda huɗu da nake da su tun bara a tanki mai tsawon ƙafa biyu. Da farko lafiya lau, toh yanzu ɗaya daga ciki ya rikiɗe ya koma baƙi, tun daga ranar babu zaman lafiya, ya kashe golfish biyu ya yayyaga wutsiyar sauran, 'yan uwan nasa biyu ma sun maƙale can sama bayan filta mai tace ruwa ko abinci ba sa saukowa ci. Madam ta ce kifin aljanu ne in fitar mata da shi daga gida. Ciwo ne ya sa ya canza kala ko me? Kuma akwai maganin da zan ɗiga masa ya daina faɗa?
Daga wani mai karatu, Hotoro, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka fara kwantar wa da Madam hankali, ba aljani ba ne kuma ba ciwo ba ne, balaga ya yi. Daga yadda ka siffanta shi ba na ko shakka kifin nan shi ne wanda masana ke kira Melanochromis auratus, masu kiwo kuma a taƙaice su ce auratus. Suna ƙanana dukkansu ruwan ɗorawa ne da layi baƙi, mace da namiji ba ka banbancewa, shi ya sa suke saurin shiga ran mai saye. In namiji ya kai sai launin ya juye, jikin ya yi duhu layin ya koma fari fari ko mai ɗan shuɗi, kamar an juya riga ciki waje. Kuma a cikin duk kifayen ado da ake shigowa da su ƙasar nan da wuya ka samu mai zafin kansa, alhali tsawonsa duka duka bai wuce santimita 11 ko 12 ba, ɗan yatsa ne da ɗan ƙari.

Maganin ɗigawa kam babu, duk wanda ya ce zai sayar maka da shi kuɗinka yake so. Amma in ka san daga inda kifin ya fito za ka gane me yake yi, kuma za ka daina ganin laifinsa.

Asalinsa Tafkin Malawi ne, can gabashin Afirka tsakanin Malawi da Mozambik da Tanzaniya, wanda 'yan Tanzaniya ke ce wa Nyasa. Tafki ne da tsawonsa ya haura kilomita 500, zurfinsa a wani wurin ya kai mita 700, kuma babu tafki a duniya da ya kai shi yawan nau'in kifi, dangin sikilid kaɗai ɗaruruwa ne a ciki, har UNESCO ta sa wani yanki na kudancinsa cikin wuraren tarihi na duniya a 1984 saboda kifayen nan. Su sikilid ɗin ma ba baƙinmu ba ne, karfasar da muke soyawa danginsu ce, ka dubi fasalin jikin naka da kyau za ka ga ƙaramar karfasa ce ta ci ado. Toh a cikinsu akwai rukunin da mutanen bakin tafkin ke kira mbuna, ma'ana kifin duwatsu, a nan auratus yake. Rayuwarsu gaba ɗaya a jikin duwatsun gaɓa take, abincinsu gansakukar da ke fitowa a kan dutse da 'yan ƙananan halittun da ke cikinta, su yini suna kankara da haƙora. Kenan dutse a wurinsa gona ce, kuma ɗakin aure ne, nan zai jawo mace ta zo ta yi ƙwai. Namijin da bai da dutse bai da abinci bai da iyali. Kai ma in wani ya shigo gonarka ya fara girbi ai ba sannu da zuwa za ka yi masa ba.

A tafki in ya koro wani, wancan ya ruga mita biyu uku ya ɓuya bayan wani dutsen, shikenan magana ta wuce. A tankinka mai ƙafa biyu ina za a gudu? Ya kora, wancan ya je ya bugi gilashi ya dawo, shi kuma a ganinsa raini ne, na ce ka bar min gida ka ƙi, sai ya ƙara kora, haka safe haka dare har wancan ya galabaita ya mutu. Waɗannan biyun da ka ce sun maƙale a sama bayan filta, alama ce ta ƙarshe kenan, kifin da ya koma kusurwar sama ya daina ci kwanakinsa ƙirgaggu ne in ba a raba su ba.

Ni ma ta haka na koya. Shekarun baya na saya a hannun wani mai shago da ya rantse min cewa ba ruwansu, na kawo na zuba a tanki ɗaya da wasu ƙananan kifayen ado 'yan gofi da moli, har ina kiran yara su zo su ga kyau. Wata rana na dawo daga masallaci da asuba na kunna fitila, sai ga shi shi kaɗai a tsakiyar tanki ya baje fiffike yana sheƙi yana kai da komo kamar soja a bakin get, sauran kuwa wasu na yawo a saman ruwa ciki sama, wani ba ido ɗaya. Ranar haushi ya sa na kusa jefa shi a kwata. Daga baya na gane ni ne mai laifin, kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, matsalar dai ni ban san rariya na saya ba.

Yanzu abin yi. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ka cire golfish ɗin. Ko babu faɗa ma zamansu bai haɗu ba, golfish asalinsa Sin ne, ruwa mai ɗan sanyi yake so, ga shi da nawa da doguwar wutsiya tana jan ƙasa kamar mai tallan a cije ni, shi kuwa mbuna ruwan ɗumi yake so tsakanin digiri 24 zuwa 28. In ba ka da tanki na biyu ko babbar roba ce mai tsafta wadda ba a taɓa wanki a ciki ba ka sa su da injin iska kafin ka shirya. Su kuma biyun da ya takura ka raba tankin da raga ko falankin roba mai huji huji, ruwa na wucewa kifi ba ya wucewa.

Sai ka zauna ka yi wa kanka gaskiya, za ka iya da shi ko ba za ka iya ba. Don auratus mafi ƙarancin abin da zan yarda a sa shi shi ne tanki mai ƙafa huɗu, wato santimita 120, mai cin lita 200 ko fiye. Lissafin mai sauƙi ne, tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita ka raba da 1000. Naka in 60 ne da 30 da 30 lita 54 kenan, ka ga ai ko kusa. Kuma tsawon ya fi tsayin amfani, su a ƙasa suke rabon fili, tanki dogo sama kamar firij ba ya ƙara musu komai. Ka kuma tuna kowace lita kilo ɗaya ce, in ka haɗa da duwatsu da yashi da gilashin kansa ka doshi kilo 300, kar a ɗora a kan ɗan teburin talabijin, a sa mai walda ya yi masa ƙafa ta ƙarfe.

Duwatsu kuma ba guda biyu na kwalliya ba, a tara su da yawa, tsibi nan tsibi can, da koguna da lunguna har su kai rabin tsayin tankin. Dabarar ita ce a tare masa gani, in bai hango abokin gaba ba ya manta da shi. Amma ka fara jera duwatsun a kan gindin tankin, da ɗan soson kwali fari a ƙarƙashi saboda gilashi, sannan ka zuba yashi a kewaye. Kar ka ɗora dutse a kan yashi, waɗannan mahaƙa rami ne, zai cika baki da yashi ya je ya tofar ya dawo har ya rarake ƙarƙashin dutsen, tsakar dare ka ji tas, falo ya zama kududdufi, a nan kam Madam za ta kore ku kai da kifin.

Sai maganar aure, kuma nan ne mutane ke yawan kuskure don sun saba da tattabaru, a sayi mace da namiji a ce an yi daidai. Auratus ba mijin mace ɗaya ba ne. In ka ba shi ɗaya zai dame ta da nema, in ba ta shirya ba ya koma duka har ya kashe ta. Namiji ɗaya mata huɗu ko biyar ko ma shida, fitinar ta rarrabu a kansu kowa ta samu ta huta. Namiji biyu kuwa kar ka soma, ba a sarki biyu a gari ɗaya. In ka ga biyu sun kama bakin juna suna ja, yara na cewa sumba suke, ba soyayya ba ce kokawa ce. Wani abin da ke rikita mutane, in babu namiji a tanki macen da ta fi ƙarfi takan ɗan yi duhu ita ma ta riƙe sarautar, don haka kar kala kaɗai ta ruɗe ka.

Akwai kuma dabarar da take kamar ta saɓa wa hankali amma tana aiki, wato a cika tankin da mbuna da yawa, kamar 12 zuwa 15 a lita 200. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ya rasa wa zai bi, ya kori wannan wancan ya gifta ya koma kansa, babu wanda ke shan dukan shi kaɗai. Sharaɗin dai filta mai ƙarfi da canjin ruwa duk sati ba fashi, kuma ka zaɓi waɗanda ba su yi kama da shi ba, duk kifi mai layi a kwance irin nasa kishiya yake ganinsa. In za ka ƙara sababbi kar ka sa ɗaya tilo, ka sa uku huɗu lokaci guda, ka wargaza duwatsun ka sake jerawa kowa ya zama baƙo, ka kashe fitila har washegari.

In duk wannan ya yi maka yawa, kuma ba abin kunya ba ne, ka mayar wa mai shagon ko ka ba wanda ke da babban tanki. In dai launin ɗorawar ne ya ja ka akwai wani ɗan Malawin da ake kira yalo lab, Labidochromis caeruleus, rawaya ne mai baƙin gefe a fiffike, shi ma yana da ɗan halin gidansu amma in aka gwada da auratus liman ne. Da shi ya kamata sabon shiga ya fara.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ɗaya daga cikin kifayena 'yan Malawi yau kwana tara ba ta cin abinci, in na zuba sai ta zo kamar za ta ci ta fasa, maƙogwaronta ya kumbura ta ƙasa tana ta motsa baki kamar mai cin cingam, kuma ta koma ɓuya. Yarana sun damu sosai don ita suka fi so. Hangum ne ko me?
Daga wata uwargida, Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Hajiya ai sai dai mu ce barka, ki fara shirin suna. Ƙwai ne a bakinta. Haka kifayen Malawi ke yi, mace ta saki ƙwai a kan dutse ko cikin ɗan ramin da namiji ya haƙa, nan take ta juya ta tsince su da baki. Ki duba fiffiken namijin na ƙasa kusa da wutsiya za ki ga wasu ɗige ɗige masu ruwan ƙwai, tana ganinsu sai ta kai baki kamar wani ƙwan ne ya faɗi, a nan shi kuma yake sakin nasa ruwan ya haɗu da ƙwan a cikin bakin. Ikon Allah kenan. Wannan motsa bakin da kike gani juya su take yi don ruwa mai iska ya ratsa su kar su lalace.

Takan riƙe kamar sati uku, kusan ba ci, sannan ta tofo 'ya'ya sun riga sun iya iyo, wani lokaci goma sha wani abu wani lokaci talatin, ya danganta da girmanta. Kar ki matsa mata da abinci kuma kar a riƙa binta da raga, in ta firgita tana iya tofar da su ko ta haɗiye, musamman in haihuwar fari ce. In kina son 'ya'yan su rayu, wajen kwana 14 zuwa 16 ki lallaɓa da daddare ki mayar da ita ƙaramin tanki da ruwan da kika ɗebo daga babban, da dutse ɗaya na ɓuya. In ta sake su ki bar ta kwana biyu uku ta ci ta murmure kafin ki mayar da ita wajen angon, don yana ganinta zai dawo da zancensa. 'Ya'yan kuma abincin manyan za ki murtsuke da yatsa ya zama gari. In kika bar ta a babban tanki yawancinsu za a cinye, sai 'yan masu wayon da suka shige tsagar dutse.

Wani gargaɗi tun da yara na so, ba duk za ki iya riƙewa ba, wata shida bakwai nan gaba mazan ciki za su fara neman sarautar ubansu, ki fara tunanin wa za ki ba tun yanzu.

TAMBAYA: Oga kifayena 'yan Malawi cikinsu ke kumbura su daina ci, kashi fari siriri kamar zare yana binsu, kwana uku huɗu sai mutuwa, na rasa biyar. Abinci kuwa mai kyau nake ba su, na tarwada ne ɗan waje nake ɗebowa a gonar yayana, wani lokaci har hanta nake yanka musu.
Daga wani ɗalibi, Samaru, Zariya.

AMSA: Ƙanena, da alheri ka kashe su. Abincin tarwada an haɗa shi ne don kifi mai cin nama ya yi ƙiba da wuri a kai kasuwa, furotin ɗinsa ya kai kashi 40 cikin ɗari ko fiye ga kuma mai. Mbuna kuwa hanjinsa dogo ne irin na mai cin ganye, kamar ka ɗauki akuya ka ɗora ta a kan tsire da kilishi kullum. Ciwon sananne ne har sunan tafkin aka sa masa, kumburin Malawi, kuma abinci mai nauyi da ruwa mai datti da takurawar faɗa su ne ke buɗe masa ƙofa. Hantar nan ka daina yau.

Ka nemi abincin da aka rubuta spirulina a jikin robar, wata gansakuka ce ake sarrafawa. A gida kuma ganyen alayyahu ko latas ka ɗan tsoma a ruwan zafi ya yi laushi, ko yankan kokwamba ka danne da dutse, bayan wasu awanni ka cire ragowar kar ya ruɓe. Abin da za su cinye cikin minti ɗaya ya isa, sau ɗaya ko biyu a rana, kuma rana ɗaya a sati ka bar su da azumi ba abin da zai same su. Kar roƙonsu ya karya maka zuciya, ko yanzu suka ci in ka gifta za su taso kamar sun shekara ba su ga abinci ba. Gansakukar da ke fitowa a duwatsu ma ka daina gogewa, ta gilashin gaba kawai za ka share.

Waɗanda suka rage ka tsayar da abinci kwana uku, ka canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan. Wanda ya riga ya fara ka ware shi, maganin da ake amfani da shi metronidazole ne, wanda muka sani da Flagyl, amma ka je wajen likitan dabbobi ya auna maka daidai da litar tankinka, ga ku da tsangayar likitan dabbobi nan kusa da ku a Samaru. Gaskiya dai wanda cikinsa ya riga ya yi tim ya daina ci da wuya ya tashi.

TAMBAYA: Malam mu matsalarmu wuta ce, sai a kwana biyu ba NEPA, in na tashi da safe kifayena 'yan Malawi duk sun taru a sama suna haki. Kuma wani ya ce in riƙa sa kanwa wai suna son ruwa mai kanwa kanwa, gaskiya ne?
Daga wani mai shago, Gusau.

AMSA: Alhaji kanwa dai a bar wa kunu. Gaskiya ne ruwan Tafkin Malawi ba mai tsami ba ne, a ma'aunin pH yana wajen 7.8 zuwa 8.5, amma kanwa ba ta da awo, wannan ƙullin daban wancan daban, za ta ɗaga ruwan farat ɗaya, kuma canjin gaggawa ya fi kashe kifi a kan ruwan da bai cika daidai ba. Ka sayi ɗan abin gwajin ruwa ka auna na burtsatsenku tukuna, mai yiwuwa ma ba ya buƙatar komai. In ya yi ƙasa ka sa farar ƙasa ta dutse ko dakakken ɓawon katantanwar ruwa a cikin filta, a hankali yake narkewa. In ruwan famfo ne akwai kulorin, a ɗiga maganin kashe shi ko a tara a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya wuni.

Hakin da suke yi iska ce ta ƙare, kuma da bazara abin ya fi muni don ruwa in ya ɗau zafi iskar da yake riƙewa raguwa take. Ka sayi ɗan injin iska mai batir ko mai caji wanda ake jonawa da fawa bank, wutar da yake ci ba ta kai ta ƙwan fitila ba, ko ƙaramar sola ta riƙe shi. In ba ka da shi ka ɗebi ruwan tankin da kofi ka ɗaga sama ka tsiyayo, kamar mai shayi yana fifita shayi, minti biyar duk bayan awa ɗaya ko biyu. Ranar da babu wuta kar ka ba su abinci ko kaɗan. Kuma wanda ke fama da wuta irin haka kar ya bi shawarar cika tanki da na ba ɗan uwanmu na Hotoro, wannan ta masu inbata ce, kai ka rage yawansu.

Filta ma akwai abin lura. A cikin sosonta akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke cinye gubar kashin kifi, amoniya, su mayar da ita abu mai sauƙi, kuma sai tanki ya yi sati huɗu zuwa shida kafin su kafu. In filta irin rufaffiyar nan ta tsaya awanni da yawa suna mutuwa, ruwan ciki ya yi ɗoyi, wuta na dawowa ta watso shi cikin tanki. Don haka in an daɗe ba wuta ka zare ta daga soket, ka zubar da ruwan cikinta ka ɗauraye soson da ruwan tanki kafin ka kunna. Ba a wanke soso da ruwan famfo, omo da sabulu kuwa ko hannunka ne da su kar ka tsoma.

Da hunturu kuma akasin haka ne, ruwa ya yi sanyi ƙarara cikin dare su kamu da ciwon farin ɗigo, sai hita, in babu wuta a lulluɓe tankin da bargo. Sannan maganin sauro na fesawa, wallahi ya kashe kifin mutane ba adadi. In za a fesa a falo a kashe injin iska a rufe tankin ruf da leda ko jiƙaƙƙen zani, sai an buɗe tagogi warin ya fita a kunna.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni masunci ne ya ba ni wasu 'yan kifaye daga kogi, jajaye da ɗige ɗige masu ƙyalli kamar an watsa musu dutsen ado, da tabo baƙi a gefe. Zan iya haɗa su da 'yan Malawi na? Naga kamar danginsu ɗaya.
Daga wani malamin makaranta, Yawuri.

AMSA: Malam ka yi sa'a, abin da Turawa ke saye da kuɗi a shagunansu kai kyauta aka ba ka. Wannan shi ne juwel, dangin Hemichromis, ɗan gida ne, yana cikin Kogin Kwara da Binuwai da yankin Tafkin Chadi. Dangi ɗaya ne da su amma kar ka haɗa. Shi mai cin ƙwari ne da ƙananan kifi, abincin da zai gina shi shi ne zai kumbura cikin mbuna, kuma ruwanmu na kogi ya saba da shi, ba ya buƙatar wani gyara.

Aurensa ma daban ne, mace ɗaya namiji ɗaya, su share dutse mai faɗi ta jera ƙwai ɗaruruwa a kai, cikin kwana biyu zuwa uku su ƙyanƙyashe, uwa da uba su tsaya gadi tare suna kaɗa 'ya'yan kamar makiyayi da garke. A lokacin jan nasu ke ƙara rinewa kamar garwashi, kuma a lokacin ba sa ga maciji da kowa, har yatsanka in ka tsoma sai sun kai masa cizo. Tanki mai ƙafa uku su biyu kaɗai ya wadatar. Ka dai ƙirga tabon gefen, in ka ga guda biyar a jere to wancan babban yayansu ne mai kaiwa kusan tsawon tafin hannu da yatsu, mafarauci ne sosai har masu gonar karfasa kan sa shi ya rage musu yawan 'ya'ya, shi kam ko kurungu ka haɗa shi da shi sai ka sa ido.

Tun da daga kogi suka zo ka ajiye su su kaɗai sati uku zuwa huɗu kana lura ko akwai tsutsa ko tabo a jiki, kuma raga da tiyon da ka taɓa nasu kar su shiga tankin 'yan Malawin sai sun bushe a rana. In wata rana ka gaji da 'yan Malawin kuma dan Allah kar a ce za a yi musu alheri a sake su a kogi, giwan ruwa da aka zuba a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950 sanadinsa nau'in sikilid masu ɗimbin yawa suka ɓace daga can, a kai wa mai shago ko a ba makwabci mai tanki.